Karena yana ja na, an ce raini ne

Tambaya: Likita, ina da babban kare irin Boerboel ɗan wata 10, shi ke gadin gidanmu a unguwar Nima, a Accra. In na fita da shi wajen Kanda sai ya yi ta ja na, har ya taɓa kayar da ni. Wani mai horar da karnuka ya ce raini ne, in sa masa sarƙar shaƙa in riƙa fizgarsa. Yanzu ga shi yana tari. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, cire sarƙar nan yau, ka kai shi asibitin dabbobi a duba maƙogwaronsa.

Maganar raini ɗin nan ta ishe ni. Kowane mai sayar da sarƙa ya zama malami, yana cewa kare na neman shugabanci a kan maigidansa. Tushenta binciken da aka yi wa kyarketai a keji a Suwizalan a 1947, kuma David Mech, masanin kyarketai da ya yaɗa ta a 1970, ya dawo ya janye ta da kansa. Amma a unguwa har gobe ana shaƙe karnuka da ita. Fizgar tana iya murƙushe maƙogwaro, tana ƙara matsi a ido. Kuma in ka matsa wuyan kare, jikinsa da kansa ke turjewa gaba, wato kai ne ke koya masa jan. In kuwa zafin ya zo daidai lokacin da yake kallon yaro a hanya, zai iya ɗora wa yaron laifin ciwon. Boerboel mai irin wannan tunani a lungun Nima, ka san abin da nake tsoro.

Abin da ke faruwa shi ne, takunsa ya fi naka sauri, ya wuni a ɗaure, hancinsa na kiransa, kuma duk sa'ad da ya ja, yana isa inda yake so.

Sa masa ɗamarar ƙirji mai zobe a gaba, yatsu biyu su shiga tsakaninta da fata, da igiya mai mita 2. Igiya na miƙewa, tsaya cak, kada ka ce komai. Tana sassautawa, ba shi ɗan guntun dafaffiyar kaza a gefen ƙafarka, ku ci gaba. Fara a tsakar gida, minti 10, bayan asuba da bayan la'asar, kafin titi. Duk mai fita da shi ya bi wannan ƙa'ida. Yaro ɗaya ya bari a ja shi, aikin ya koma baya.