Ya sake ni, katina na shekara biyu ne: zan iya zuwa gida in dawo Amurka?

Tambaya

Assalamu alaikum Barista. Ni 'yar Kano ce, ina zaune a unguwar Bronx a birnin Niyok. Mijina ɗan ƙasar Amurka ne, shi ya kawo ni, aka ba ni katin zama na shekara biyu, saura wata biyar ya ƙare. Zama ya ƙi daɗi, ya rubuta min takardar saki a gaban limamin masallacinmu, har na gama idda. Yanzu mahaifiyata na kwance ba lafiya, ina so in ɗauki 'yata mai wata goma mu je gida in yi jinya kamar wata bakwai ko takwas. Shi yana cewa ranar da na taka filin jirgi zai buga wa hukumar shige da fice waya a soke katin. Ƙawayena kuma sun ce tunda aure ya mutu ba ruwana da shi, in yi tafiyata, idan na dawo sai in sabunta da kaina. Wanne ne gaskiya?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Ban ga katinki ba, ban ga takardar da ya rubuta miki ba, don haka wannan bayani ne a kan yadda doka take, ba zai maye gurbin zama da lauyan da zai buɗe fayil ɗinki ba. Amma bisa abin da kika rubuto, shi da ƙawayenki duk ba su faɗa miki daidai ba, kuma maganar ƙawayen ta fi tasa haɗari.

Tasa ba ta da wuya. Katin ba nasa ba ne. Gwamnati ce ta ba ki matsayin, ita kaɗai ke iya karɓewa, kuma ko ita sai ta aiko miki da sanarwa a rubuce, sannan kina da damar kare kanki a gaban alƙalin shige da fice. Zai iya rubuta wa USCIS, hukumar da ke kula da izinin zama a Amurka, ya ce auren na bogi ne, ba wanda zai riƙe masa hannu, kuma za a iya yi miki tambayoyi a kan wasiƙar. Sai dai mutumin da ya rantse a takardun gwamnati cewa aurensa na gaskiya ne, ga 'ya a tsakani, idan ya dawo ya ce ƙarya ce, kansa ya fara kaiwa ƙara. Da alama kuma ya manta da takardar I-864 da ya sa wa hannu ya ɗauki nauyinki, wadda rabuwar aure ba ta warware ta.

Inda nake so ki tsaya ki saurare ni shi ne maganar cewa aure ya mutu. A addini ya mutu, ban ja ba. A wajen jihar Niyok da USCIS kuwa, har gobe ke matarsa ce. Takardar da ya rubuta a gaban liman ba ta raba aure a dokar jihar. Sai kotun jihar da ake kira Supreme Court ta yanke hukunci, alƙali ya sa hannu. Kada kuma wani ya ce miki ai a Kano aka ɗaura, sai a je kotun shari'ar Musulunci a can a karɓo takarda a kawo. Sakin da aka karɓo a ƙasar waje alhali miji da mata duk a Amurka suke zaune, galibi ba a amincewa da shi, kuma yakan jawo tambayoyin da ba ki buƙata. Saboda wannan dalilin, in kin je gida, duk wanda ya fito da maganar aure ki ce ya dakata. Aure a kan aure ne a idon dokar Amurka, kuma zai iya bin ki har lokacin neman zama 'yar ƙasa.

Katin shekara biyu kuma ba a sabunta shi yadda ake sabunta na shekara goma. Tun dokar 1986 da aka yi don daƙile auren biza, duk wanda aurensa bai kai shekara biyu ba a ranar da ya samu izinin zama, na sharaɗi ake ba shi. Cire sharaɗin ana yin sa da fom I-751, kuma a ƙa'ida miji da mata ne ke shigarwa tare a cikin kwana 90 na ƙarshe kafin katin ya ƙare. Idan ranar ta wuce ba a shigar da komai ba, matsayin kansa ne ke faɗuwa, ba katin kaɗai ba. Ki lissafa: saura wata biyar, kina shirin wata bakwai ko takwas. Katin zai mutu kina Kano, ba ki da wata takarda a hannu, kuma ba na jin akwai kamfanin jirgin da zai ɗauke ki a haka.

Doka ta bar ƙofa ga wadda aurenta ya rabu. Za ki iya shigar da I-751 ke kaɗai, ki nemi a yafe miki sa hannunsa, bisa hujjar cewa da zuciya ɗaya kika yi auren amma ya ƙare da saki. Wannan ba sai an jira kwana 90 ɗin ba. Matsalar ita ce tana buƙatar hukuncin kotu na ƙarshe, wanda ba ki da shi. Idan kika shigar alhali shari'ar na gaban kotu, yawanci USCIS kan aiko da wasiƙa ta ba ki kwana 87 ki kawo hukuncin. In bai fito ba a lokacin, za su iya ƙin amincewa su tura maganar gaban alƙalin shige da fice. Ba a nan magana ta ƙare ba, amma ba wuri ba ne da zan so ki tsinci kanki kina ƙasar waje. Akwai kuma hanyar wadda aka daka ko aka gallaza wa azaba mai tsanani, wadda ba ta buƙatar saki ko kaɗan. Ba ki ambaci haka ba, ni ma ba zan sa miki magana a baki ba. In akwai, ki faɗa wa lauyanki, in babu, kada ki bari wani ya koya miki ƙirƙira.

Hanya ta uku, wadda mutane ba su cika sani ba: tunda a doka auren yana nan, za ku iya shigarwa tare idan ya yarda ya sa hannu, ko da kun raba gida, muddin kun faɗi gaskiyar halin da ake ciki. Idan hukuncin saki ya fito kafin a yanke, sai ki sanar da hukumar a mayar da shi neman ke kaɗai.

Ko wacce aka bi, abin da za a duba ɗaya ne, wato niyyarku a ranar da aka ɗaura. Takardar haihuwar 'yarki, yarjejeniyar haya mai sunayenku, asusun banki, takardun haraji, inshorar lafiya, hotunan biki da na suna, da rantsuwar mutum biyu da suka san zamanku. Ki kwafe su yanzu, tun kafin a canza makulli ko lambar sirri. Kuɗin fom ɗin dala 750 ne tun watan Afrilun 2024, ki duba shafin hukumar kafin ki biya.

Bayan an karɓa, za a aiko miki da takardar shaida I-797, wadda tun farkon 2023 take tsawaita katin da wata 48. Da ita ta asali, da tsohon katin, da fasfo mai rai ake tafiya a dawo. Sai dai wasu kamfanonin jirgi da wasu ƙasashen da ake yada zango ba sa gamsuwa da katin da ya ƙare, don haka ki tambaya kafin ki sayi tikiti. Jirgin da ke tashi kai tsaye zuwa Legas ya fi rage wannan ciwon kai. Kuma a ra'ayina kada ki tashi sai an ɗauki hoton yatsunki ko an rubuto cewa ba sai kin je ba. Wasiƙun hukumar a akwatin gidanki za su faɗa, shi ya sa in kin tashi daga gidansa ya wajaba ki canza adireshi da fom AR-11 cikin kwana 10. Ba na son wasiƙar da ke ba ki kwana 87 ta faɗa hannun mutumin da ke barazanar soke miki kati.

Tsawon tafiyar ma sai kin rage. Wanda ya wuce kwana 180 a waje a jere, doka na kallonsa a matsayin mai neman shiga sabo, jami'in filin jirgi na da damar tono komai, har ya tambaya ko kin bar zama a Amurka ne. Matar da ta rabu da miji, ba aiki, ba haya da sunanta, ta yi wata takwas a gida, ta ba shi abin tambaya. Fiye da wata shida kuma yana iya katse lissafin zama 'yar ƙasa, wanda dama bayan saki shekara biyar ne, ba uku ba. Ni makonni nake ba da shawara, ba watanni ba. In aka shigar da ke ɗakin bincike aka miƙo miki fom I-407, ki sani takardar sallama izinin zama ce da kanki, ba dole ba ne ki sa hannu, kina da damar cewa a kai ki gaban alƙali.

Maganar yarinya ta fi duk waɗannan nauyi. 'Yar Amurka ce, fasfonta ba ya fita sai da yardar iyaye biyu tunda ba ta kai shekara 16 ba. Fita da yaro daga Amurka ko riƙe shi a waje da nufin tauye haƙƙin ɗaya daga cikin iyaye laifi ne a dokar tarayya tun 1993, hukuncinsa na iya kaiwa shekara uku a kurkuku. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1980 a kan dawo da yaran da aka ɗauke, shi ya sa alƙalan Amurka kan yi taka-tsantsan sosai da irin wannan tafiya. Na san a gida goyo hannun uwa yake, ba mai tambaya. A Niyok, in babu umarnin kotu, haƙƙinsa daidai yake da naki. Kada ki fita da ita sai da yardarsa a rubuce, mai ɗauke da ranar tafiya da ta dawowa, an buga mata hatimi, ko da izinin alƙali.

Kin ga kenan abu uku kike nema a hannunsa: yardar tafiya da yarinya, sakin kotu cikin gaggawa, da wataƙila sa hannu a I-751. Tun 2010 Niyok na raba aure bisa rantsuwar ɗayanku cewa zama ya lalace na aƙalla wata shida, amma alƙali ba ya sa hannu sai an gama maganar riƙon yara, ciyarwa da dukiya. In kun daidaita a rubuce, watanni ne. In aka ja daga, ana iya haura shekara, katinki kuwa ba zai jira ba. Shi ma ba riba zai ci ba, don bai da ikon sake aure a doka sai an gama. Limamin da ya shaida sakin, ko wani dattijo da yake jin nauyinsa, ko shirin sulhu na kotun, su za a fara gwadawa, amma kada ki sa hannu a kan komai sai lauyanki ya karanta, musamman duk wani layi da ke cewa kin yafe ciyarwa ko auren don takarda aka yi shi. Saƙonnin barazanar da ya turo miki ki adana su, kada ki mayar da martani.

A wannan makon ki nemi lauyan shige da fice da na iyali. In kuɗi ne matsala, akwai ƙungiyoyin ba da taimakon shari'a kyauta a Bronx. In jikin Mama ya tsananta kafin a shigar da fom, tafiyar mako biyu ko uku ke kaɗai, kina dawowa da sauran lokaci mai yawa a katin, ba ta saɓa doka ba bisa abin da kika faɗa, amma ki bar lauyan ya ga takardunki kafin ki biya kuɗin jirgi.