Filin Tambaya da Amsa: Akwatin marigayi Malam da dalar 1780

Assalamu alaikum masu karatu. Tun ranar da na ba da labarin yawon da nike yi kasuwar Katako da gidajen da ake saida kayan gado ko kayan masu tashi ina neman tsofaffin littattafai, saƙonni ke ta shigowa ta WhatsApp, wasu da hotuna wasu da murya. Na zaɓi uku, ta farkon ita ta fi tsaya mini a rai shi ya sa zan daɗe a kanta, ku yi haƙuri.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne nan Tawa. Wani malami maƙwabcinmu ya rasu bara, Allah shi jiƙan shi, to babban ɗan shi ya kira ni ya gwada mini wani akwatin ƙarfe cike da takardu rubutun hannu, wasu cikin gafaka wasu an ɗaure da igiyar fata, ya ce in ba shi jikka talatin in kwashe duka tunda su ba karanta su suke ba kuma gara ta fara shiga. Wallahi raina na so, amma ban sani ba ko tsofaffi ne na gaske, kuma wani abokina ya ce Turawa na sayen irin wanga abu da miliyoyi. Mi za ka ce mini? Daga wani ɗalibi, Tawa.

AMSA: Amin ɗana, Allah ya gafarta wa Malam ya sa karatun da ya koyar ya bi shi. Kafin mu je ga maganar tsufan takarda akwai tambayar da ba ka yi ba kuma ita ce gaba, shin an raba gadon? Kai ɗalibi ne ka san tsarin, daga abin da mamaci ya bari ana fidda kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya in akwai wadda ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba saura. Littattafai dukiya ne kamar gona da shanu, matan Malam na da rabo a ciki, ƴaƴan shi mata na da rabo, in kuma akwai ƙanana to dukiyar marayu ce, ka san abin da aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta ce kan mai cin ta. Babban ɗa ba shi da ikon saida rabon wasu don kawai makullin ɗakin na hannun shi. Sannan ka bincika ko Malam ya yi hubusi da su, malamai da yawa kan ce littattafaina na makaranta ne ko na almajiraina ne, wani har ya rubuta a warƙar farko, in haka ne babu maganar ciniki sam.

Ba a littafi na karanta wannan ba, ya faru da ni. Shekarun baya na sayi ƴan littattafai wurin wani saurayi nan Yamai, na biya na tafi ina murna, bayan sati biyu sai ga wata dattijuwa da sallama ƙofar gidana, ashe matar mamacin ce, ba ta ma san an fita da su ba sai da ta nemi Dala'ilun da mijinta ke karantawa kullum bayan asuba ta rasa. Ba ta yi faɗa ba, hawaye kawai ta riƙa yi. Na maida mata duka kuma har yau in na tuna raina na ɓaci. Don haka ka koma ka ce kana son ciniki gaban wakilin magada ko malamin da ya raba gadon, da shaidu biyu, a rubuta takarda kowa ya sa hannu. In ya ce a'a a yi shiru kada tsohuwa ta ji, ka tattara jikkunanka ka koma gida.

To yanzu tsufa. Ka wanke hannu ka shanya ya bushe sarai, ka zaro warƙa guda ka ɗaga ta wajen hasken rana kamar mai duba sabuwar takardar kuɗi. In ka ga layuka sirara a jikin takardar da wata alama a ɓoye, musamman jinjirin wata guda uku jere ko wata mai fuskar mutum cikin garkuwa, to wannan takardar ƙasar Italiya ce daga yankin Banis, wani lokacin har za ka ga sunan Andrea Galvani na garin Pordenone. Ita ce fatake suka riƙa kawowa ta Tarabulus su ratsa hamada su biyo Agadas har Kano a ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, kuma mafi yawan rubuce-rubucen malamanmu na wancan lokaci a kanta suke. In kuwa takarda ce mai layin shuɗi irin ta kayen lakwal, to zamanin Nasara ne ko bayan shi. Amma ka riƙe wani abu, shekarun takarda daban shekarun rubutu daban, malami na iya ajiye takarda shekara ashirin kafin ya jiƙa alƙalami.

Ka duba tawada kuma. Ta hannu da aka haɗa da ƙaro tana zaune bisa takardar, wani wuri ta yi kauri wani wuri ta dushe inda alƙalamin kara ya fara bushewa, jan wasali da ɗorawa suna fitowa da nasu launi. Akwai kuma bugun Kano, wanda tun wajen shekarun 1950 ake ɗaukar rubutun hannu na gwanaye a buga da inji a saida a kasuwa warƙa-warƙa, ido na iya ɗaukar shi rubutun hannu ne amma tawadar shi lafe take bai ɗaya ko'ina. Mutane da yawa sun sayi wannan da tsada suna zaton na kaka da kakanni ne. Daga nan ka je warƙar ƙarshe inda aka rubuta tammat, wato an kammala, nan mai kwafi ke sa sunan shi da sunan wanda aka rubuta wa, in an yi sa'a har da shekarar hijira, don ka samu ma'auni 1300 ta kama ne ƙarshen 1882, 1350 kuma 1931.

Abin da nike roƙonka da girman Allah kada ka hautsina su. Littattafan nan ba ɗinke suke ba kuma ba lambar shafi, abin da ke riƙe da jerinsu kalma guda ce da ake rubutawa can ƙasan shafi wadda ita ce farkon shafi na gaba, in iska ta kwashe maka su ko yara suka yi wasa da su aikin wata guda ne kafin ka maida kowace wurinta. Kowane ƙunshi ka bar shi cikin tadarishin shi, wato bangon da aka rufe shi da shi, yadda ka same shi.

Maganar miliyoyi kuwa abokinka ya ji ƙishin-ƙishin ne. Galibin abin da ke cikin akwatin malami littattafan karatu ne, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Ishiriniya, kowane gari akwai kwafinsu birjik, albarkarsu na da yawa amma kuɗinsu a kasuwa ba wani mai yawa ba ne. Ni abin da ke sa gabana faɗuwa in na buɗe irin wannan akwati shi ne ƙananan takardun da ke cuse tsakani waɗanda magada ke sharewa su zubar, wasiƙa daga wani malami zuwa wani, waƙar wa'azi da ajamin Hausa wadda mutumin Adar ya tsara da bakin Adar, jerin sunayen malaman da ya yi karatu wurinsu, wani gefen shafi da ya rubuta shekarar yunwa ko ranar da wani sarki ya rasu. Risala in ta ɓace akwai dubunta, waɗannan in suka shiga wuta ko aka naɗe ƙosai da su shi ke nan an rasa. Kuma fitar da su waje ba abu ne na ganin dama ba, akwai dokar 30 ga Yuni 1997 mai kare kayan tarihi na ƙasa. In magada sun yarda, ka ɗauki hoton kowace warƙa da salula, ka nemi sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar bincike ta IRSH a Jami'ar Abdu Mumuni nan Yamai, wurin da marigayi Bubu Hama ya kafa harsashin tarin tun yana shugaban majalisar dokoki, yanzu suna da wajen rubutu 4000, sun san yadda ake tantancewa.

Maganar garar da ta fara shiga kuma kada ka jira ƙarshen ciniki, ko ba ka saya ba ka ce su ɗaga akwatin daga ƙasa su ɗora bisa bulo nesa da bango, a kakkaɓe a inuwa ba a rana ba, a sa busasshen ganyen dogon yaro a naɗe cikin tsumma. Ban da leda don tana riƙe gumi lokacin damina, ban da skoci wurin da ya yage, ban da kai su wurin masu fotokopi su rufe da roba mai zafi, wannan in an yi ba a warwarewa. Ambaliyar 2020 ta cinye littattafan mutane da yawa a Harobanda da Saga saboda a ƙasa suke ajiye.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Ni ina son tsofaffin kaya sosai, duk sanda na ji wani ma'aikacin ƙungiya zai tashi yana saida kayan gida a Plato ko Kwara Kano sai na je. Kwanaki wata dillaliya ta saida mini wani kuɗin azurfa mai hoton mace an rubuta 1780, ta ce na kakarta ne ya fi shekara ɗari biyu. Kuma na samu littattafan Faransanci masu jar takarda, yaya zan san shekarunsu? Daga wata ƴarka, Yantala.

AMSA: Lafiya lau ƴata. Wannan da kika saya ita ce dalar Mariya Tereza sarauniyar Ostiriya, tsofaffi na ce mata liyari. Sarauniyar ta rasu ne 1780, to saboda ƴan kasuwar Larabawa da Habasha da na ƙasashenmu sun saba da ita ba su karɓar wata, sai aka ci gaba da buga ta da wannan shekarar ba a canzawa, an buga a Landan da Paris da Roma da Bombay, a Biyana ma har yanzu ana bugawa. Kin ga ke nan 1780 ɗin ba ta gaya miki komai kan shekarun wadda ke hannunki, tana iya zama ta kakar dillaliya da gaske tana iya zama ta shekaranjiya. Abin dubawa shi ne ko azurfa ce, ki kai wa maƙerin farfaru ya ɗora a sikeli, ta gaske gram 28 ce da ɗan ɗoriya, azurfarta kashi 833 cikin 1000, kuma mayen ƙarfe ba ya kama ta. In ta cika wannan ba ki yi asara ba, irinta ce maƙeran Agadas suka daɗe suna narkewa suna ƙera kayan ado. Kada dai ki goge ta da toka ko omo don ta yi ƙyalli, masu tarawa sun fi son ta da duhunta.

Littafin Faransanci kuwa sauƙi gare shi, ki juya can shafin ƙarshe, ƴan Faransa na rubuta wata da shekarar da aka gama bugawa da sunan maɗaba'a da ƙananan baƙaƙe. In kin ga lambar ISBN to daga wajen 1970 zuwa yau aka buga shi komai jan takardar shi, zafin Yamai na tsufar da takarda da wuri. Ni a gidan masu tashi ba na tsayawa kan littattafan labari na aljihu, su ne kika gani shimfiɗe a ƙasa gefen Babbar Kasuwa, abin da nike tona kwali ina nema shi ne abin da aka buga kan ƙasar nan, tsofaffin taswirori, hotuna, rahotannin bincike, littattafan CELHTO, cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka wadda aka kafa nan Yamai 1968, littattafan yaƙi da jahilci na Hausa da Zabarmanci, duk wani abu mai tambarin kafin 3 ga Agusta 1960. A gidajen Hausawa kuma ki sa ido kan bugun Zariya, in kin ga NORLA, sunan hukumar buga littattafai ta Arewacin Najeriya, a bango to na shekarun 1950 ne, in Allah ya haɗa ki da tsohuwar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fita Janairun 1939 kada ki bari ta wuce ki. Ki je da sassafe ranar farko don ƴan Katako ba su barci, kuma ki tambayi mai gadi ko akwai kwalayen da aka ware za a zubar, sau da yawa abin kirki can yake.

TAMBAYA: Malam wani ya kawo mini kawunan mutum-mutumi na yumɓu guda biyu ya ce daga wajen Tera aka tono su, in saya in saida wa baƙi. Akwai riba? Daga wani ɗan kasuwa, Wadata.

AMSA: Alhaji kada ka taɓa. In na gaske ne to kayan Bura ne, maƙabartar mutanen zamanin da ce da aka gano 1975, marigayi Bube Gado na IRSH ya yi aikin tono a wurin 1983, daga baya masu haƙa ta ɓarauniyar hanya suka yi wa yankin kaca-kaca har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ICOM ta sa su cikin jan jerinta na kayan Afirka da aka hana fatauci a shekarar 2000. Wannan ba gadon gidan kowa ba ne da zai ce ya saida maka, daga kabari aka ɗauko, kuma dokar 1997 da na ambata a sama na iya hawa kanka kai da ka saya. In kuma na jabu ne, waɗanda ake gasawa a binne a ƙasa ƴan watanni don su yi kama da tsoho, to ka yi asarar kuɗinka. Ka gaya wa wanda ya kawo ya kai su gidan tarihi na Bubu Hama, in yana jin tsoro ka kira ni mu tafi tare, na san ƙofar da ake shiga.