Mai jego, gawar miji, da ƙanin da ya ce "iska ce"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni marubuciya ce daga unguwar Gwammaja, ina sakin labarina shafi-shafi a WhatsApp. Jarumar mai jego ce, kwana tara da haihuwa ta fara jin muryoyi, sai aka wayi gari da gawar mijinta a ɗaki, ita kuwa ba ta tuna komai. Dangin miji suka haɗa baki suka ce ita ce. Shin mai taɓin hankali zai iya kisa ya manta? Kotu sakinsa take yi? Kuma a ƙarshen labarin in bar ta ita ce ta yi kisan?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Da tambayar ƙarshe zan fara: kada ki bar ta ita ce. Ba don tausayi na faɗa ba. In mai karatu ya biyo ki shafi tamanin, ya sayi data, ya haƙura da "mu haɗu gobe", sannan kika ce masa ai hauka ce ta sa, kin cuce shi. Tun shafi na uku ya zaci haka, domin abin da kowa zai zata ke nan. Kuma ba haka abin yake a zahiri ba. Mafi yawan masu taɓin hankali ba sa taɓa kowa, su ake duka, su ake ɗaurewa da mari, su ake cinye wa gado. Matar da kowa ya yarda mahaukaciya ce, ko ta ga mai kisan da idonta babu mai jin ta. Wannan shi ne labarinki, kin riga kin same shi ba ki lura ba.

Ciwon da kika ba ta kuwa gaskiya ne, har lokacinsa kin dace. Taɓin hankalin jego yana samun mace ɗaya zuwa biyu cikin haihuwa 1,000, kuma galibi cikin mako biyun farko yake tasowa. Amma ba da muryoyi yake sallama ba, da rashin barci yake farawa. Na taɓa ganin wata da mahaifiyarta ta kawo mana bayan suna da kwana uku. Ta ce tun daren suna ba ta runtsa ba, ƙarfe biyun dare tana ninke zannuwan barka tana warwarewa, tana ƙirga rigunan jariri. Da hantsi ta gaishe ni ras, ta tambayi iyalina. Kafin la'asar ta ƙanƙame jaririn tana cewa an canja mata shi. Wannan hawa da sauka shi ne alamarsa: yanzu garau, an jima ta rikice. Ki yi amfani da shi, domin shi zai sa mai karatu ya kasa sanin wace maganarta zai kama. Haɗarinsa kuma ya fi komawa kan ita kanta da jaririn, shi ya sa ba ciwon da za a ce a jira arba'in ba ne. Da magani yawancinsu suna warkewa.

Abu ɗaya nake roƙonki. Kada ki haɗa mata cututtuka uku a kai ɗaya, yadda ake yi a wasu labarai: yau tana jin murya, gobe ta zama wata mace mai wani suna da wata murya, jibi ta faɗi tana kumfa. Sikizofireniya, wato ciwon taɓin hankali mai daɗewa da kan sa mutum jin muryoyi, daban take, tana samun kusan mutum 1 cikin 300 a duniya a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ba ta raba mutum gida biyu. Farfaɗiya ma daban. Zaɓi ɗaya ki san shi ciki da bai.

Batun mantuwa: e, mai jegon da ta rikice tana iya rasa wasu sa'o'i ko kwanaki, abin ya dawo mata gutsi-gutsi kamar mafarki. Sai dai wanda ya rikice har haka ba ya iya tsara kisa. In an sayi guba tun ranar Laraba, an jira gida ya watse, an wanke kwano, an jefa kwalba a masai, to mai hankali ne ya yi. Ga shaidar da za ta wanke ta nan, tsabtar aikin. Matar da ta kasa ɗaura zani daidai ba za ta goge sawunta ba.

Kotu kuwa ba saki take yi ba. Dokar final kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, sashe na 51 ya ce babu laifi a kan wanda, a lokacin da ya aikata abu, rashin hankali ya hana shi sanin abin da yake yi, ko sanin cewa abin ba daidai ba ne ko ya saɓa doka. Ki lura da "a lokacin". Katin asibitin masu taɓin hankali na Dawanau a jaka ba ya isa. Doka tana ɗaukar kowa mai hankali ne, wanda ya ce ba shi da shi, shi zai kawo hujja, kuma alƙali zai duba abin da ya yi kafin kisan da bayansa. Asalin wannan ma'auni daga Landan yake, a 1843, lokacin da Daniel M'Naghten ya harbe sakataren firaminista Robert Peel, yana ganin 'yan jam'iyyar firaministan suna farautarsa. In an tabbatar da rashin hankalin, ba gida za a kai mutum ba, tsare shi za a yi a inda za a kula da shi sai abin da gwamnati ta yanke. Kafin ma a kai nan, akwai doguwar jira: 'yan sanda su kai gaban majistare, a aika gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse ajiya, a jira shawarar ma'aikatar shari'a, sannan babbar kotu. In ba ta iya fahimtar shari'ar, a dakata sai likita ya duba ta. Marubutanmu suna tsallake wannan jira, ranar Litinin kamu, ranar Alhamis hukunci. Alhali a nan tsoron yake: mace nono yana zuba, jaririnta yana hannun waɗanda suka kai ta.

A fiƙihunmu ma an ɗauke alƙalami daga mahaukaci har ya samu hankali, kuma Risala ta ce in ya kashe mutum diyya tana kan danginsa.

To me dangin miji za su samu? Nan nake ganin raunin labarinki, ba ki faɗa min dalilinsu ba. Kason mace mai ɗa tumuni ne kawai, bai kai a yi kisa a kansa ba. Babban kason na jaririn ne, musamman in namiji ne, domin ɗa namiji yana kange 'yan'uwan mamaci daga gado. Hankali kuma sharaɗi ne na riƙon yaro. Ashe ke nan ƙanin miji ba ya buƙatar a rataye ta, ya ishe shi kowa ya yarda ta haukace. Yaro ya dawo hannunsu, shagunan Kantin Kwari da gidan haya su biyo yaro. Sai ki sa shi ya zama mafi tausayinta a gidan. Shi zai ce, "Ku bar ta, iska ce, ba yin kanta ba ne." Shi zai kawo mai ruƙiyya, shi zai ce maganin asibiti ƙara mata yake yi a ajiye shi. Ban da wani abu da ruƙiyya, majinyatana da yawa suna haɗa addu'a da magani. Ɓoye maganin ne mugun aikin, kuma ba wanda zai kira shi laifi.

Kano ma ta ba ki wani makami kyauta. Mutum ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa, kuma da wuya dangi su yarda a yanka gawa a bincika. Duk wanda ya fi kowa gaggawar a yi sutura, mai karatu zai ɗauke shi mai bin sunna. Sai a shafi na saba'in zai koma baya ya ce af.

Wannan "af" ɗin ake nema, kuma sharaɗinsa kada ki yi wa mai karatu ƙarya. Ki bar jarumar ta ba da labarin da bakinta, ki cakuɗa abin da ciwo ya nuna mata da abin da ta gani da gaske. Ta ce bango yana magana, ta ce an canja mata jariri, ta kuma ce ta ji ƙamshin wani turare a soro da tsakar dare. Biyu ciwo ne, ɗaya gaskiya. Ke kin san wanne, kin kuma ajiye shi a fili tun farko. Ki guji likitan da ake sayewa da kuɗi ya rubuta takardar ƙarya, an gaji da ganinsa a labarai. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba majinyaci haƙƙoƙi kan tsarewa da magani, lauyanta zai iya jingina da ita.

Akwai mutum ɗaya da ban ji kin ambata ba: tsohuwar da ke yi mata wankan jego. Ita ke tashi tun kafin kiran assalatu ta hura wutar ruwan zafi, ita ke dama kunun kanwa, ita ke kwana kusa da mai jego, kuma ba wanda yake rage murya don tana wurin. Ki koma daren da abin ya faru ki tambayi kanki ina tsohuwar nan take, wa ya aike ta, me ya ba ta da za ta tafi.