Amsa: Amfanin gasar ƙarshen kaka a hokin ƙanƙara na jami'o'in Amurka

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa ake sake wata gasa a watan Maris alhali an riga an san wanda ya fi maki a kakar wasa. Dalilin shi ne gurbi: ƙungiyoyi 16 kaɗai ke shiga gasar ƙasa ta maza ta NCAA, wato hukumar wasannin jami'o'in Amurka, kuma da yake an raba jami'o'in rukuni-rukuni, duk wadda ta lashe gasar ƙarshen kaka ta rukuninta takan samu gurbi kai tsaye, ko da ta sha kashi sau da yawa a cikin kaka.

Ka ɗauki rukunin Hockey East na arewa maso gabashin Amurka. An fara gasarsa a 1985, inda Providence ta doke Boston College, kuma a yau ana buga wasannin kusa da na ƙarshe da na ƙarshen a filin TD Garden na birnin Boston, a kan kofin Lamoriello.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ake raba gardama. Idan aka tashi kunnen doki, sai a riƙa ƙara minti 20 har sai faifan robar da ake bugawa a madadin ƙwallo ya shiga raga sau ɗaya, nan take wasa ya ƙare. A watan Maris na 2015, Jami'ar Massachusetts (UMass) ta doke Jami'ar Notre Dame da ci 4 da 3 sai a ƙarin lokaci na biyar, bayan sama da minti 151 ana fafatawa a kan ƙanƙara, kuma 'yan wasan ɗalibai ne fa waɗanda karatu ke jiransu.