Amsa: Yawon ƙafa a kwazazzabon Tecolote da ke birnin San Diego na Amurka

Ɗan'uwa, ka ce kana son kai yara yawon ƙafa a Tecolote Canyon, kana tambaya ko za a ga namun daji, kuma ko akwai haɗari tunda wurin a tsakiyar gari yake.

Za a gani, amma sai an yi sammako. Da sanyin safiya zomaye ke fitowa bakin hanya, shaho na shawagi a sama, wani lokaci har karen dajin da ake kira koyoti ya gilma. Sunan wurin ma mujiya yake nufi. Rana na take tsaka, kowa ya shige inuwa, sai ƙadangaru.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda mutane ke raina kwazazzabo don suna hango gidaje a samansa. Ƙasan kwarin iska ba ta kaɗawa sosai, zafi ya taru. Ku riƙe ruwa isasshe, ku sa takalmi rufaffe. Bayan ruwan sama kuwa ku dakata, rafin yakan cika, hanya ta yi santsi.

Akwai maciji mai dafi da ke kaɗa wutsiya tana ƙara. In kun ji, ku tsaya cak, ku ja da baya. Kada yaro ya cusa hannu ƙarƙashin dutse, kada ya taɓa tsiron da ake kira poison oak, mai ganye uku-uku, ƙaiƙayinsa sai ya yi kwanaki. In maciji ya sari wani, ban da tsaga, ban da tsotsa ko ɗauri. A kira 911, lambar agajin gaggawa, nan take.

Ka fara biyawa cibiyar baƙi ta wurin, ma'aikatan su nuna maka hanyar da ta dace da yara.