Filin Masu Ɗaukar Hoto: An Kushe Min Kyamara, Shin In Sauya?

Tambaya: Malam, sana'ata ɗaukar hoton biki, kuma shekara shida ke nan ina amfani da kayan kamfani ɗaya. Kwanan nan hotunana suna fita da ɗigo-ɗigo, wasu kuma fuskar amarya ba ta fita tar. Abokan sana'a sun ce laifin kamfanin ne, wai in sayar da komai in koma nasu. Har cacar baki mun yi. Me zan yi? Daga mai karatu, Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, bar cacar baki, gani ya kori ji. Duk abin da suka faɗa ana iya gwada shi a cikin ɗaki cikin rabin awa.

Fara da ɗigon. Saita ƙofar haske, wato ramin da haske ke shiga lensi, a f/16 ko f/22, ISO (ma'aunin saurin karɓar haske) a 100, ka nufi farin bango ko sararin sama, ka murɗa lensin har hoton ya dusashe, sannan ka ɗauka. Buɗe shi a kwamfuta ka zuƙo shi. Ka canja lensi ka sake ɗauka. In ɗigon yana nan a wuri guda, dattin yana kan sensa ne, wato farantin da ke cikin kyamara wanda ke karɓar haske ya zama hoto. A garin da ake hunturu, ga ka kana canja lensi a tsakar fili ana ta rawa ƙura na tashi, babu kyamarar da za ta tsira, ko wane suna ke goshinta. Cire lensin, ka kifa kyamarar bakinta na kallon ƙasa, ka hura da robar hura iska. Kada ka hura da baki, yawu zai bi. Kada ka sa auduga ko gefen riga. Dattin da ya ƙi fita, musamman mai zagaye kamar ɗigon mai, kai wa mai gyara.

Sai rashin fitar fuska. Ɗora kyamarar kan ƙafarta mai uku, ka jingina rula a karkace kusa da kwalin ashana, lamba ɗaya ta rular daidai da fuskar kwalin. Buɗe ƙofar haske iyakarta, misali f/1.8, ka saita a kan kwalin ta ramin leƙe, ka ɗauka sau biyar. Sake ɗauka biyar ta allon baya. In na allon sun fita tar amma na ramin leƙe sun faɗa gaba ko baya da kwalin, saiti ne ya goce tsakanin lensi da kyamara mai madubi (wadda madubin cikinta ke kai hoto ramin leƙe), kuma manyan kyamarori da yawa suna da wurin gyara shi a jerin saituna. In duka sun fita lafiya, duba saurin ɗaukarka a wurin biki. A zaure mai ƙarancin haske, ɗaya bisa 60 na daƙiƙa ba ya tsayar da mai rawa. Ana buƙatar ɗaya bisa 250 ko abin da ya fi haka sauri, ko filashi.

Ba wai abokanka ba za su taɓa yin gaskiya ba. So hana ganin aibi, kuma kamfanoni suna fitar da kaya masu tangarɗa. Nikon D600 ta 2012 ta yi suna wajen tara ɗigo a kan sensa, har aka maye gurbinta da D610 a 2013, daga baya kamfanin ya riƙa gyara wa masu ita kyauta. Canon EOS R5 ta 2020 tana ɗaukar zafi ta tsaya idan ana ɗaukar bidiyo mai tsananin kaifi na 8K, sai da aka yi ta sabunta manhajarta kafin abin ya lafa. Da masu waɗannan kyamarori sun rufe ido suna kare suna, da ba a gyara ba. Amma lura, a waɗannan misalan samfuri ɗaya ne a kowane kamfani, ba duk kayansa ba. Duk wanda ya kushe maka kaya, tambaye shi abu uku: wane samfuri, a wane yanayi, ina hoton? Wanda ba shi da amsa, hira ce yake yi.

Batun sayarwa kuwa, lissafi ne. Abin da ke ɗaure mutum ga kamfani lensi ne, da filashi, da batura, domin bakin da ake ɗaura lensi ya bambanta. Rubuta abin da za a ba ka a kan kowane kaya a matsayin na hannu, ka rubuta kuɗin madadinsa, ka ga giɓin. Sau da yawa giɓin nan zai saya maka lensi mai kyau guda ɗaya, wanda zai fi canja maka hoto a kan sabon suna.

Tambaya: Ina da lensin Canon na EF guda uku. Zan iya sa su a Nikon ko Sony? Daga mai karatu, Zinder.

Amsa: Ya danganta da tazarar da ke tsakanin bakin kyamara da sensa. Ta EF, wato bakin kyamarorin Canon masu madubi, milimita 44 ce, ta Nikon F mai madubi 46.5, don haka babu wurin da adafta, wato zoben da ke haɗa lensi da bakin wata kyamara daban, za ta shiga. Sai mai ƙarin gilashi a ciki, ita kuma tana rage kyan hoto. Marasa madubi tazararsu gajera ce: Sony E 18, Nikon Z 16, Canon RF 20. Duka ukun suna karɓar EF da adafta. A kan RF, da adaftar Canon kanta, lensin yana aiki kusan kamar a gidansa. A kan sauran biyun adaftar wasu kamfanoni za ka nema, kuma saurin kama fuska yakan bambanta daga lensi zuwa lensi, musamman da dare ko a bidiyo. Tafi shago da lensinka uku, ka gwada kowanne a kan mutum yana tahowa wajenka kafin ka biya.