Ba baki ba ne, ƙanena, jinin ne ya yi kusa

Ƙanena, sannu da haƙuri. Ka ce karyarka ubanta ne ke barbararta saboda duk unguwa babu kamarsa a gudu, haihuwa biyu ke nan kwiyakwiyan in suna tsotso nono na fitowa ta hanci, su mutu ido bai buɗe ba, wanda ya tsira kuma ƙwan marainansa ɗaya ne ya sauko. Kana tambaya ko baki ne aka yi maka, ko ka sake gwadawa. Wallahi da na karanta sai da na ajiye wayar, don na san wannan kukan na kwikwiyo da dare, yana jin yunwa ga nono a gabansa.

Kar ka sake gwadawa. Ka ɗauki kwikwiyo ɗaya ka buɗe bakinsa da ɗan yatsa ka haska fitilar waya sama, za ka ga ganɗar a tsage, wani lokaci har can maƙoshi. Ta nan nonon ke bi ya fita hanci, sauran ya gangara huhu, shi ke kashe su. Turare da rubutu ba sa ɗinke wannan. Gaskiya akan samu tsagar ganɗa in an ɗirka wa karya mai ciki wasu magunguna a makonnin farko, to ka tuna ko an ba ta wani abu. Amma uba da 'ya, sau biyu a jere, ga na maraina ɗaya a kai, ni ban ga inda za a nemi wani dalili ba.

Abin kamar sikila yake a wajenmu. Mai AS lafiyarsa ƙalau, yana noma yana dambe, amma in ya auri mai AS kowane ciki akwai kashi 25 cikin 100 a haifi mai ciwon. Kare ma rabi yake ɗauka wajen uwa, rabi wajen uba, kuma lahani da yawa suna kwance shiru sai sun zo ta ɓangare biyu. Karenka ya ba 'yarsa rabin abin da ke jikinsa, mai kyau da marar kyau, ka kuma mayar da ita gare shi. Masana sun auna kusancin: uba da 'ya ko wa da ƙanwa 25 cikin 100, 'yan uba ko kaka da jika 12.5, 'ya'yan wa da ƙani 6.25. Kai kana kan mafi muni.

Ni nawa ba da sanina aka yi ba, shi ya sa har yau abin ke ci mini rai. Wani dattijo da nake kira Baba, wanda ya ci tuwo a gidana ba adadi, ya ce yana da kare da aka kawo masa daga Lere ta Chadi, baƙon jini, ba shi da dangi a duk yankin Garwa, nan arewacin Kamaru. Ya karɓi jaka goma, da sharaɗin shi zai fara zaɓe cikin 'ya'yan. Ashe karen da karyata uwa ɗaya uba ɗaya suke, haihuwa ce kawai ta bambanta. Karyar a hannun dillali na saye ta, ban san daga gidansa ta fito ba. Shi ya sani sarai, don tsagar da ke kunnenta da askarsa aka yi ta. Yaron da ke ba karnukansa abinci ne ya faɗa mini bayan sun ɓata. Da na tare shi, ko kunya, ya yi dariya ya ce wai kare ai ba shi da muharrama. Mutum mai furfura! Ranar Juma'a har yanzu yana miƙo mini hannu, ina karɓa saboda idon jama'a, amma Allah ya san abin da ke zuciyata. Da ce mini ya yi yana cikin matsi, da na ba shi kuɗin nan kyauta. Kuma ba ni kaɗai ya yi wa ba, akwai waɗanda ke karanta wannan sun san kansu.

A cikin 'ya'yan akwai Duna. Baƙi wuluk, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame, in ya miƙe bayan zomo ba ka ganin ƙafafunsa. Har ya girma ban ga komai ba. Da rani, an ƙone ciyawa, mun fita ta gindin duwatsun Tingilin, zomo ya tashi, Duna na gaba. Sai kawai ya kife. Na ɗauka rami ya faɗa. Ina isa na tarar wuya ya sanƙare, ido ya juye, ƙafafu na shure-shure a toka, kumfa na zuba, ya yi fitsari a jikinsa. Kafin in sunkuya sauran karnukan, waɗanda suke ci kwano ɗaya da shi, sun rufar masa, ɗaya ya kama cinya ɗaya ya kama wuya. Mutane na ihu haukan kare ne, wani ya riga ya ɗaga gora. Ni na tsaya a kansa ina dukan karnukan abokaina da kere, ina rantsuwa an yi masa allurar rigakafin haukan kare. Da ya farfaɗo ya dube ni bai san ni ba, ya tashi yana tangaɗi ya shige cikin ƙaya. Na naɗe shi a rigata na ɗora a babur, jininsa na bin ƙafar wandona har gida. Likitan dabbobi ya ce farfaɗiya ce, irin wadda ke bin jini, tana iya ɓoyewa daga wata 6 har shekara 6 kafin ta bayyana. Ya ce da magani kullum za a iya rage ta, amma daji ya ƙare masa. Ranar fita in an busa ƙaho sai ya riƙa fizgar sarƙa yana kuka har mu ɓace. Bai yi nisan kwana ba.

Saboda haka nake faɗa wa yaranmu, kar a ba kare barbara don ya yi kamu biyu yana ɗan shekara ɗaya. A bari ya kai biyu ko uku a ga abin da ke cikinsa. Kuma wannan ɗabi'ar tamu ta kowa ya kai karyarsa wajen gwarzo ɗaya, ita ce ke cinye mu. Shekara kaɗan duk karnukan unguwa sun zama 'yan uba, haihuwa ta ragu, karyar da uwarta ke zuba takwas ita ta zuba uku.

Naka mai maraina ɗaya, ka ba shi zuwa wata 6. In bai sauko ba to ba zai sauko ba. Farauta zai yi, ba abin da zai hana shi, amma kar ya hau karya ko da ya fi ubansa gudu, don abin gado ne. Wanda ya maƙale a ciki ya fi saurin zama ƙari, kuma dandaƙar gida ba ta kai gare shi, aikin likita ne. Ka duba sauran ma: cibiya mai ƙullutu, haɓar da ba ta haɗuwa da ta sama, karen da ke karo da turmi in magariba ta yi, wannan dundumin na iya ƙarewa da makanta.

Kar kuma wani ya ce na ce komai jini ne. Kwikwiyon da ake ba ragowar tuwon masara zalla ƙafarsa za ta lanƙwashe ko iyayensa daga gabas da yamma suka fito. Ciwon nan mai majina da kwantsa, wanda ke sa tafin ƙafa tauri, shi ma yana kawo shure-shure, kuma yana da rigakafi. Masu shiga dajin Faro sun san yadda cizon tsando ke sa idon kare ya yi fari. Ga LANAVET, cibiyar gwaje-gwajen lafiyar dabbobi ta ƙasa, a Bokle kusa da Garwa, ga makarantar likitan dabbobi a Jami'ar Ngaundare, mu kuwa muna nan muna rataya wa kare laya muna zargin maƙwabci. Kuɗin allura bai kai abin da muke kashewa a shayi ba.

In karyar ta fara neman barbara ka kulle ta mako uku cur, ɗaki mai ƙofa, ba zana ba. Ubanta ka kai shi gidan wani. Ciki ɗaya na iya zama na karnuka biyu, in ya same ta sau ɗaya da dare wahalarka ta tashi a banza. Kwana 63 ne cikin, ka rubuta ranar.

Namiji kuwa ka nemo shi da nisa, Gidar ko Marwa ko ma tsallaken iyaka wajen Mubi, ko ka yi musaya da mafaraucin can. Na bakin kogin Shari da Logon a yi hattara, kurkunu na kama karnuka a can, a 2019 kaɗai Chadi ta ƙirga sama da 1,900, shi ya sa ake ɗaure su. Ka je da ƙafarka. Ka ga uwar, ka ga uban, ka tambayi ina 'yan'uwan haihuwarsa suke, nawa suka rayu. Mai kare ba zai faɗa maka gaskiya ba, ka zauna wajen mai shayin unguwar ka tambayi yara, su ne suka san wanda ya hau wa. Ni yanzu ko waliyyi ne ya ce karensa baƙo ne sai na duba kunne.

Ka faɗa mana uwar karyar taka ma wa ya haife ta, don ina zargin ita ma jini ɗaya suke da uban karyar. In haka ne lissafin ya wuce 25, kuma sai mu san ko karyar taka kanta ta cancanci a ci gaba da ita.